Kaboyi Kafin Fim Ya Fara Magana: Su Wa Aka Nuna, Su Wa Aka Manta?



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sauraron hirar iyayenmu da suka yi zamanin shiga silima a Kano ko Kaduna ko Jos ko Damagaram, ya san kalmar "kaboyi". Da zarar an ambace ta, sura guda ce ke faɗo wa mutum a rai: dogon Bature bisa doki, da malafa mai faɗi, bindiga rataye a ƙugu. A can kan tsauni kuma ga waɗansu mutane da gashin tsuntsu a ka, suna ihu, suna gangarowa domin a harbe su ɗaya bayan ɗaya. Wannan sura ta ratsa duniya har ta iso ƙasashenmu. A shekarar 1966 ma, fitaccen mai shirya finafinai na Jamhuriyar Nijar, Moustapha Alassane, ya yi fim a kan wani saurayi da ya dawo daga tafiya da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka hana mutanen ƙauyensu sakat.

Abin da wannan maƙala ke son nuna wa mai karatu shi ne, a farkon al'amari fim ɗin kaboyi ya fi haka faɗi. A zamanin da fim bai da murya, wato daga wajen 1894 zuwa ƙarshen shekarun 1920, 'yan asalin ƙasar Amurka da baƙaƙen fata da masu jinin Latin Amurka da mata duk sun shiga harkar, har waɗansunsu suka ba da umarni, waɗansu suka kafa kamfanoninsu. Daga baya ƙofar ta riƙa tsukewa, sa'annan mafi yawan abin da suka yi ya ƙone ko ya ruɓe. Yadda hakan ta faru shi ne tarihin da za mu bi.

Yadda yammacin yake a zahiri

Kaboyi dai makiyayi ne na haya, mai bin garken shanu bisa doki. Zamanin da ya yi tashe gajere ne, kimanin shekara ashirin, daga 1866 zuwa tsakiyar shekarun 1880, lokacin da ake koro shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas, irin su Abilene da Dodge City. Sana'ar kanta daga makiyayan Meksiko aka koyo ta, waɗanda ake kira "vaquero" da harshen Sifaniyanci, domin Texas da Kalifoniya da Arizona da Sabuwar Meksiko duk ƙasar Meksiko ce a da, kafin yaƙin da ya ƙare da yarjejeniyar 1848. Igiyar zarge saniya da salon sirdi da yawancin kalmomin sana'ar duk daga gare su suke. Bayan an soke bauta a 1865, 'yantattun bayi da yawa sun shiga wannan aiki, har waɗansu masana tarihi na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowane kaboyi huɗu baƙar fata ne. Layin dogon da ya haɗa gabas da yamma a 1869 kuwa, galibin leburorin da suka fasa duwatsun ɓangarensa na yamma 'yan ƙasar Sin ne.

Su kuma masu ƙasar na asali, waɗanda aka laƙaba wa suna "Indiyawa" saboda kuskuren Kolumbus da ya zaci ya isa ƙasar Indiya a 1492, al'ummomi ne daban-daban masu harsuna ɗaruruwa: Lakota, Cheyenne, Comanche, Kiowa, Navajo da sauransu. Yaƙe-yaƙe da cututtuka da ƙwace filaye sun rage su ƙwarai, har ƙidayar 1900 ta nuna ba su kai mutum 250,000 ba a duk faɗin Amurka. An killace su a keɓaɓɓun yankuna, ana ɗauke 'ya'yansu zuwa makarantun kwana inda ake aske musu gashi, a hana su magana da harshen iyayensu. Mafi shahara cikin waɗannan makarantu ita ce ta Carlisle, wadda aka buɗe a 1879.

Haɗuwa ta farko da kyamara

A ranar 29 ga Disamba, 1890, sojojin doki na Amurka suka buɗe wuta a kan wani ayarin Lakota a Wounded Knee, cikin jihar Dakota ta Kudu. Aƙalla mutum 150 suka mutu, waɗansu ƙididdigar sun kai 300, kuma da yawansu mata ne da yara. Tushen fitinar shi ne tsoron da hukuma ta ji game da wata rawa ta addini da ta bazu a tsakanin ƙabilun, wadda Turawa suka kira "Rawar Fatalwa". Shekara huɗu bayan nan, a 1894, ma'aikatan Thomas Edison suka kawo waɗansu 'yan Lakota ɗakin ɗaukar hoto na kamfanin a jihar New Jersey, suka ɗauke su suna rawa na 'yan daƙiƙoƙi, suka sa wa hoton sunan waccan rawa da aka kashe mutane dominta. Ana sayar da kallonsa a cikin akwatin da mutum ke leƙawa da ido.

Waɗannan masu rawa ma'aikatan Buffalo Bill Cody ne, mutumin da tun 1883 ya kafa wani gagarumin wasan kwaikwayo na fili, yana yawo da shi birni-birni har Turai, inda ake nuna Indiyawa suna kai wa keken doki farmaki, kaboyi kuma su zo ceto. Daga wurinsa fim ya gaji wannan zubi. Ga ɗan Lakota na wancan lokaci, shiga wasan Cody wata hanya ce ta samun albashi da fita daga ƙuncin killacewa, da sanya tufafin kakanninsa ba tare da jami'i ya tsawata masa ba. Amma ladan aikin shi ne ya mutu a gaban 'yan kallo kowace yamma. A 1913 Cody ya kai abin maƙura: ya je ainihin filin Wounded Knee ya sake shirya kisan a gaban kyamara, da sojoji da 'yan Lakota, aka fitar da fim ɗin a 1914 da sunan The Indian Wars. Wani malami ɗan Lakota, Chauncey Yellow Robe, ya fito fili ya yi tir da wannan aiki, yana ganin cin zarafin matattu ne domin neman kuɗi da suna. 'Yan gutsattsari kawai suka rage daga fim ɗin.

Ma'aurata biyu da suka riƙe kyamara

Fim ɗin da aka fi ambata a matsayin mafarin finafinan kaboyi shi ne The Great Train Robbery na 1903, mai tsawon kimanin minti 12, wanda shi ma a New Jersey aka ɗauke shi, nesa da yammacin da yake kwaikwayo. Cikin 'yan shekaru kasuwar ta buɗe, gidajen kallo na kwabo biyar suka cika birane, kamfanoni suna fitar da gajerun finafinai kowane mako. A wancan lokaci, labarin Indiyawa wani reshe ne mai zaman kansa, kuma sau da yawa Ba'indiyen ne jarumin labarin.

A nan ne James Young Deer da matarsa Lillian St. Cyr, wadda ake kira Red Wing, suka bayyana. Ita 'yar ƙabilar Ho-Chunk ce daga jihar Nebraska, kuma ta yi karatu a Carlisle. Shi kuwa ya riƙa cewa ƙabilarsu ɗaya, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna asalin danginsa daga mutanen Nanticoke ne na jihar Delaware. Kamfanin Pathé na Faransa, wanda ake yi wa dariya cewa finafinansa na kaboyi ba su yi kama da gaskiya ba, ya ɗauki Young Deer aiki, har ya damƙa masa shugabancin reshensa na Los Angeles.

A 1910 ya ba da umarnin wani gajeren fim mai suna White Fawn's Devotion. Labarin wani Bature ne da ke auren Ba'indiya, suna da 'ya ɗaya. Sai takarda ta zo masa cewa ya ci gado a gabas. Matar ta zaci zai tafi ya bar ta, ta daɓa wa kanta wuƙa. 'Yar ta ga uban da wuƙa a hannu, ta ruga ta gaya wa dangin uwarta. Suka bi shi, suka kamo shi, suka yanke masa hukunci bisa dokarsu. Ana gab da zartarwa sai matar, wadda ashe ba ta mutu ba, ta iso ta wanke shi. Mai karatu ya lura da abu biyu: dokar ƙabilar ce ke aiki a kan Bature, kuma matar ta rayu. Wannan a lokacin da waɗansu jihohin Amurka suka haramta irin wannan aure a dokance.

Sai mu kwatanta da The Squaw Man na 1914, wanda Cecil B. DeMille da Oscar Apfel suka yi, wanda ake lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da aka ɗauka a unguwar Hollywood. Red Wing ce ta fito a matsayin matar. Ƙashin labarin kusan ɗaya ne: Baturen Ingila ya auri Ba'indiyar da ta ceci ransa, sun haifi ɗa, sai gado ya kira. Amma a nan an ɗauke yaron domin a kai shi Ingila, ita kuma ta kashe kanta, ta kuwa mutu. Hanya ta buɗe wa mijin ya koma cikin danginsa. Labari guda, ƙarshe biyu, kuma abin da ya raba su shi ne wanda ke tsaye a bayan kyamara. DeMille ya sake yin fim ɗin a 1918 da 1931, kuma a duka biyun ba 'yar asalin ƙasar ce ta hau matsayin ba. Kalmar "squaw" da ke cikin sunan ma kalmar wulaƙanci ce ga matan ƙabilun; a 2021 ma'aikatar cikin gida ta Amurka, ƙarƙashin Deb Haaland, 'yar ƙabilar Laguna Pueblo, ta ayyana ta a matsayin zagi, kuma a 2022 aka sauya sunayen wurare kusan 650 da ke ɗauke da ita.

Ba su yi shiru ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa sai a zamaninmu aka fara ƙorafi a kan yadda ake nuna mutane a fim. Tun a 1911 wakilan waɗansu ƙabilu suka kai kuka Washinton, suna cewa finafinai na ɓata musu suna, ana shafa wa Turawa jan fenti ana cewa su ne, ana kuma nuna su a matsayin masu kishin jini. Jaridun harkar fim na lokacin sun ɗauki labarin.

Kamfanonin sun amsa ta hanyar da ta dace da aljihunsu. Thomas Ince ya kafa wani makeken sansanin ɗaukar fim a kusa da Santa Monica, ya yi hayar 'yan Lakota daga wani kamfanin wasan dawaki na Oklahoma, suka kafa tantunansu a wurin suna zaune. A fim ɗinsa The Invaders na 1912, wato "Mamaya", an nuna ƙarara cewa Turawa ne suka karya yarjejeniya, da suka turo masu awon layin dogo cikin ƙasar da aka yi alkawarin ba za a taɓa ba. William Eagle Shirt, ɗan Lakota, shi ya fito a matsayin sarki. Duk da haka, 'yar sarkin, wadda labarin ke juyawa a kanta, Baturiya ce mai suna Ann Little, kuma a ƙarshe sojoji ne suka yi nasara. Luther Standing Bear, ɗaya daga cikin ɗaliban farko na Carlisle, ya yi aiki da Ince a matsayin mai ba da shawara, kuma ya rubuta daga baya yadda yake nuna kurakurai ba a saurare shi. Wannan tsari ya daɗe: fuskar ɗan ƙasa a cikin taro domin a ce fim ya yi kama da gaskiya, alƙalami da babban matsayi kuma a hannun wani.

Darakta guda ma kan yi fuska biyu. D. W. Griffith ya yi The Red Man's View a 1909, inda ya nuna Turawa suna korar wata ƙabila daga wuri zuwa wuri har tsohon sarkinsu ya mutu a hanya. Shi ne kuma a 1913 ya yi The Battle at Elderbush Gulch, inda ya mai da su mashaya masu cin kare da farautar jarirai.

Fim ɗin da ya fita daban shi ne The Daughter of Dawn na 1920. An ɗauke shi a duwatsun Wichita na Oklahoma da mutane fiye da 300 'yan Comanche da Kiowa, babu Bature ko ɗaya a cikin labarin. Cikin manyan 'yan wasan akwai White Parker da Wanada Parker, 'ya'yan Quanah Parker, shahararren shugaban Comanche. Turawa ne suka rubuta labarin suka ba da umarni, kuma labarin soyayya ne da kishi irin na kasuwa. Amma tantuna da tufafi da dawaki na mutanen ne, daga gidajensu suka zo da su, suka yi raye-rayensu a lokacin da jami'an gwamnati ke ƙoƙarin hana su. Wannan ya sa jikokinsu suke ɗaukar fim ɗin tamkar akwatin ajiyar gado.

Baƙin kaboyi

Ga baƙaƙen fata kuwa, matsalar ita ce shafewa. Manyan kamfanoni sun yi kamar ba a taɓa yin baƙin kaboyi ba. Mafita ɗaya ita ce finafinan da ake yi musamman domin gidajen kallon baƙaƙe, tunda a jihohi da dama doka ta raba wurin zaman fari da baƙi.

Bill Pickett, haifaffen Texas, shi ne ya ƙirƙiro wani salon kayar da bijimi mai kama da hawan ƙaho da mahautanmu ke yi: ya diro daga kan doki a guje, ya cafki ƙahonin, ya murɗe wuyan, ya ciji leɓen bijimin har ya kai shi ƙasa. Wasan ya zama ɗaya daga cikin gasannin kaboyi, duk da an daina cizon. A 1921 Richard Norman, wani Bature daga jihar Florida mai yi wa baƙaƙe finafinai, ya je garin Boley na Oklahoma, garin da baƙaƙen fata suka kafa da kansu, ya ɗauki Pickett a finafinai biyu: The Bull-Dogger da The Crimson Skull. Dukansu sun ɓace, in ban da 'yan gutsattsarin da ke nuna Pickett yana juya igiya.

Oscar Micheaux kuwa da kansa ya rayu a yammacin. Ya sami fili a Dakota ta Kudu ya yi noma, ya rubuta littattafai a kan rayuwarsa, ya riƙa bi gida-gida yana sayarwa. Da kuɗin hannun jarin da ya tara daga manoma da masu karatunsa ya yi The Homesteader a 1919, labarin baƙin manomi a sabuwar ƙasa. Wannan ma ya ɓace. Na 1920, The Symbol of the Unconquered, ya nuna 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suna ƙoƙarin korar wani baƙi daga filinsa saboda an gano mai a ciki. Raddi ne ga The Birth of a Nation na Griffith, na 1915, wanda ya mai da 'yan wannan ƙungiya jarumai. An tsinci kwafin fim ɗin Micheaux a ma'ajiyar finafinai ta ƙasar Beljiyam, amma da giɓi, kuma ɓangaren da ya ɓata ya haɗa da wurin da aka fatattaki 'yan ƙungiyar.

Meksiko ta ja layi

Mutanen Meksiko, waɗanda su ne malaman sana'ar, su aka mai da mugayen labari. Akwai jerin finafinai da suka sa kalmar zagi ta "greaser", wato mai maiƙo, a cikin sunansu, irin su Tony the Greaser na 1911 da Broncho Billy and the Greaser na 1914. Ɗan Meksiko a cikin irin waɗannan finafinai yawanci maci amana ne mai sukar mutum ta baya. Bambancinsu da sauran shi ne suna da gwamnati. A 1922 gwamnatin shugaba Álvaro Obregón ta ba da sanarwar cewa duk kamfanin da ya yi fim na cin mutuncin Meksiko, za a hana shigo da finafinansa gaba ɗaya, har waɗanda ba su da laifi. Nan da nan kamfanonin suka nemi sulhu. Sai dai dabarar da suka ɓullo da ita ita ce ƙirƙirar sunayen ƙasashen da babu su a taswira, a bar mugun da malafarsa da gashin bakinsa yadda yake. An canza wa tuwo suna kawai. Duk da haka, abin ya nuna cewa kukan da ya taɓa kasuwa shi ake ji da wuri.

Mata bisa sirdi

Matan ma sun taka rawar da ta fi wadda aka san su da ita daga baya, ta mai jiran ceto. Alice Guy-Blaché, Bafaransa da ta kafa kamfanin Solax a Amurka, ta fitar da Two Little Rangers a 1912, inda 'yan mata biyu suka bi mugu da bindiga da igiya. Ruth Ann Baldwin ta ba da umarnin dogon fim ɗin kaboyi mai suna '49-'17 a kamfanin Universal a 1917. Texas Guinan ta yi suna a matsayin mace mai harbi, kamar a The Gun Woman na 1918. Beatriz Michelena, wadda mahaifinta ɗan Benezuwela ne, ta zama tauraruwa da Salomy Jane a 1914, daga baya ta kafa kamfani da sunanta.

Yadda ƙofar ta tsuke

Me ya faru? Amsar tana ga kuɗi. Gajeren fim na minti goma ana iya gama shi cikin kwanaki da jari kaɗan, don haka ƙaramin kamfani na iya gwada sabon mutum da sabon labari. Zuwa shekarun 1920 fim ya yi tsawo, ya yi tsada, bankuna sun shigo, kuma manyan kamfanoni irin su Paramount sun mallaki gidajen kallo, suna tilasta wa sauran su sayi finafinansu a dunƙule. Wanda ya zuba dukiya mai yawa yana son tauraron da kowa ya sani da labarin da ba zai ɓata wa mafi yawan masu sayen tikiti rai ba.

Sai aka shiga zamanin manyan finafinan "gina ƙasa". The Covered Wagon na 1923 ya bi ayarin Turawa masu ƙaura zuwa yamma. An kawo ɗaruruwan 'yan ƙabilu, ciki har da Arapaho na jihar Wyoming, amma matsayinsu a labarin bai wuce na kogi ko gobarar daji ba, wato cikas a hanya. The Iron Horse na John Ford, na 1924, ya nuna leburori 'yan Sin da 'yan Italiya da 'yan Ayalan a aikin layin dogo, ya kuma sa babban mugun ya zama Bature mai shigar Cheyenne, amma labarin nasarar na fararen ne. A wannan shekara ta 1924 ne aka ba duk 'yan asalin ƙasar takardar zama 'yan ƙasa a ƙasar kakanninsu.

Ko fim mai tausayi yana da nasa dafi. The Vanishing American na 1925 ya nuna zaluncin jami'in gwamnati a kan mutanen da aka ɗauki fim ɗin a ƙasarsu, wato Navajo. Littafin Zane Grey da aka ɗauko labarin daga ciki ya soki 'yan mishan, aka yi ta ƙorafi, sai fim ɗin ya tattara laifin ya ɗora wa lalataccen jami'i guda. Jarumin, Richard Dix, Bature ne da aka shafa wa fenti. Sunan fim ɗin kansa, "Ba'amurken da ke gushewa", hukunci ne: a yi musu kuka, amma a yarda cewa ƙarewa za su yi. Navajo kuwa ba su ƙare ba. Suna cikin ƙabilu mafi yawan jama'a a Amurka. Da murya ta shigo fim daga 1927, tsadar kayan aiki ta ƙara ninkuwa, ƙananan kamfanoni da yawa suka durƙushe.

Wuta da mantuwa

Saura tambaya guda: me ya sa ba mu san wannan tarihi ba? Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, mai saurin kama wuta, mai ruɓewa ya zama gari idan ya daɗe. Da fim ya fara magana, kamfanoni suka ga bebayen finafinai ba su da sauran kasuwa. Waɗansu aka narkar domin a cire azurfar da ke jiki, waɗansu aka zubar. Gobarar ma'ajiyar kamfanin Fox a New Jersey a 1937 ta cinye mafi yawan tsofaffin finafinansa. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen bebayen finafinai kusan 11,000 da aka yi a ƙasar daga 1912 zuwa 1929, kashi 70 cikin ɗari sun ɓace gaba ɗaya, kashi 14 kacal suka tsira a cikakkiyar siffarsu ta asali. Idan wannan ne rabon manyan kamfanoni masu ɗakunan ajiya, mai karatu ya auna rabon irin su Micheaux, wanda ke yawo da 'yan kwafinsa daga gari zuwa gari har su tsinke.

Abin da ya tsira, sau da yawa sa'a ce ta tsirar da shi. Salomy Jane a Ostareliya aka gano shi a 1996. The Daughter of Dawn an ɗauka ya ɓace shekara da shekaru, sai ga shi a hannun wani mai binciken sirri da aka biya shi ladan aiki da gwangwanayen fim ɗin. Ƙungiyar Tarihi ta Oklahoma ta saye shi, aka gyara, aka nuna shi a 2012, 'yan Kiowa da Comanche suka zauna suna gane kakanninsu a majigi. A 2013 aka shigar da shi kundin finafinan tarihi na ƙasar, kamar yadda aka shigar da White Fawn's Devotion a 2008.

Kammalawa

Ba za mu ce zamanin bebayen finafinai zamanin adalci ne ba. Zagi da fenti da ƙarya sun cika shi tun daga farko. Amma an yi lokacin da Young Deer ya iya barin matar ta rayu, Micheaux ya iya sa baƙin manomi ya riƙe filinsa, 'ya'yan Quanah Parker suka iya hawa dawakinsu da tufafinsu. Surar kaboyin da ta iso silimun Kano da Yamai ita ce wadda ta rage bayan kuɗi ya tace, wuta kuma ta cinye saura.

Matashin da ke riƙe da waya mai kyamara a yau yana da abin da Red Wing ba ta samu ba sai na 'yan shekaru. Idan ya ga an nuna wata al'umma a fim, tasa ko ta wasu, ya dace ya tambayi kansa wa ya rubuta, wa ya biya, wa ya sa fuskar. Idan kuma shi ne ya ɗauki hoton kakarsa tana ba da labarin garinsu, ya tuna da gwangwanayen Oklahoma, ya ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ya rubuta suna da shekara a jiki.

Allah Ya sa mu dace.